Tuwo Da Tarihi: Nazarin Zaman Maraice Na Wani Ƙaramin Gidan Tarihi A Jos

Ni ce sakatariyar kwamitin da ke kula da wani ƙaramin gidan tarihi a Jos, kuma a hannuna littafin lissafi yake tun ranar da muka fara shirya zaman lacca da cin abinci da maraice. Abin da zan kawo nan daga wannan littafi na ɗebo shi, da kuma abin da idona ya gani a zama huɗu da muka yi cikin hunturu ɗaya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wasu abokan aiki daga Bukuru da Barikin Ladi sun tambaye ni yadda muka yi don su gwada nasu, ni kuwa ba na so su faɗa ramin da muka faɗa.

Gidan namu ɗaki biyu ne da baranda da ɗan fili, a wani tsohon sito na zamanin kamfanonin kuza da wasu tsofaffin malaman makaranta suka nema aka ba su aro. Duk abin da ke ciki daga gidajen mutane ya fito: kwanon sarki da tsatsa ta cinye gindinsa, diga da shebur, sikelin auna kuza, katin lebura, tukwane, hotunan bariki, da allon wani malami da ya karantar da 'ya'yan leburori. Ba ma haɗa kanmu da babban Gidan Tarihi na Ƙasa da ke cikin gari, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, shekara bakwai bayan na Esie da ke jihar Kwara. Can ne kawunan Nok suke, wato kawunan yumɓu da mutanen zamanin da suka gina, da zauren tukwane, da rubuce-rubucen Larabci na hannu, da filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya. Amma ka tsayar da mutum goma a Taminus, tsakiyar gari, ka tambaye su, yawanci za su ce sun san wurin, ai kusa da gidan zu ne, sun kai yara da Sallah ko da Kirsimeti. Ciwon da ke damunmu ke nan mu ma. 'Yan makaranta ake kawo mana a motar haya, su yi layi, su rubuta abin da aka ce su rubuta, su tafi. Manya ba sa zuwa, alhali kayan iyayensu ne a ciki.

Daga nan shawarar zaman maraice ta taso. Babban mutum yana kasuwa ko ofis ko gareji da rana, in zai zo sai da yamma, in kuwa ka riƙe shi har lokacin tuwo, to wajibi ne ka ciyar da shi.

Zama na farko

Mun jera kujera 60, mutum 17 suka zo, shida daga ciki 'yan kwamiti ne. Mun sa kuɗin shiga. Mun sa ƙarfe shida da rabi na yamma. Mun gayyato wani malamin jami'a, mutumin kirki mai ilimi, ya yi magana da Turanci kusan awa ɗaya da rabi a kan al'adar Nok. Abinci kuwa kwangilarsa muka bayar, aka kawo soyayyiyar shinkafa da kaza a robobi. Kafin takwas da rabi rabin mutanen sun sulale. Robobi kusan arba'in muka raba wa masu gadi da almajirai a daren.

A taron kwamiti na gaba wasu suka ce ai mutanenmu ne ba su damu da tarihi ba. Ban yarda ba, don haka na ɗauki sati biyu ina bin waɗanda muka gayyata gida-gida. Wata Hajiya a Gangare, mai sayar da abinci ce ta shekara da shekaru, ta zo zaman amma ba ta taɓa robarta ba. Da na tambaye ta sai ta ce, "Malama, ba ƙin abincinku na yi ba. Amma wa ya yanka kajin nan? Ni ban sani ba, ke ma in na rantsar da ke ba ki sani ba." Wani dattijo Birom, tsohon ma'aikacin reluwe da muke kira Da, shi bai ma zo ba. Ya ce da ni, "'Yata, in na kai ƙarfe tara a wurinku, ta wace hanya zan koma gida? Wane mai keke ne zai kai ni?"

Wanda bai zauna a Jos ba zai ɗauka ƙananan maganganu ne. Tun rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, garin ya rabu, unguwanni suka koma na waɗannan da na waɗancan. Da rana ana cuɗanya a kasuwa da asibiti da tasha kamar ba komai. Rana na faɗuwa kowa ya fara lissafin hanyar gida: wace mahaɗa zai bi, wace zai kauce wa. Wanda zai koma Unguwar Rogo ko Rikkos yana da nasa lissafin, wanda zai koma Tudun Wada ko Jenta yana da nasa. Ga sanyi kuma, don gari ne da ke kan tudu sama da mita 1,200, kuma baranda a Nuwamba da dare ba wurin zaman tsoho ba ce. Mu duka mun san wannan a rayuwarmu ta kullum, amma da muka zauna tsara taro sai muka kwaikwayi yadda ake yi a otal-otal na Abuja, muka manta da garin da muke ciki. A ganina kurenmu duka daga nan ya fito, kuma laccar ba ta da laifi sai na harshe da tsawo.

Abin da muka canza

Muka mayar da zaman ranar Asabar, don Juma'a da Lahadi kowace tana da masu ita. Farawa ƙarfe huɗu da kwata, bayan La'asar. Lacca minti 45, ba ƙari. Daga nan a shimfiɗa abinci, a yi tambayoyi ana ci. In an kira Magariba ga buta ga tabarma a gefen fili, sauran su ci gaba da shan kunu, kafin bakwai kowa ya kama hanya. Muka yi jinga da masu keke huɗu, biyu daga kowane ɓangaren gari, su tsaya a ƙofa har tsoho na ƙarshe ya tafi. Kuɗin nan na keke shi ne mafi amfani a duk abin da na rubuta a littafin.

Harshe ya koma Hausa. An ɗan yi gardama a kai, wani ya ce kada a ga kamar mun mayar da abin na ɓangare ɗaya. Dattijo Da ne ya kashe maganar, ya ce da Hausa yake waƙa a coci tun yana yaro, da ita ya yi aikin reluwe, da ita yake ciniki, kuma matarsa in aka yi Turanci barci take yi. Muka soke kuɗin shiga, muka ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, mai hali ya jefa.

Batun abinci shi ya fi cin lokaci. Muka roƙi Hajiyar Gangare ta riƙe girki tare da wata dattijuwa daga zumuntar mata ta coci, wadda kowa ke kira Ngo. Sharaɗin da su biyun suka kafa da kansu shi ne a filin gidan tarihin za a dafa, a gaban idon kowa, kuma tare za su je wurin mahauci su sayo nama. Wani ɗan kwamiti ya kawo zancen burkutu, ya ce in al'ada za a nuna ai ita ma al'ada ce. Ba ƙarya ya yi ba. Aka tsaya a kan cewa za a iya yin bayaninta a lacca, a nuna tukunyarta, amma ba za a raba ta a wurin ba. Bai ji daɗi ba, amma ya zauna.

Zama na biyu: Nok a cikin akushi

Malamin jami'ar nan muka sake kira, kuma ya yi mana karamci ya dawo. Wannan karon shi ya kawo dabarar da ta gyara komai. Ya ce a dafa abin da mutanen Nok suka ci. Masu binciken ƙasa na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara haƙa a yankin tun 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sun samu ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili a wuraren da mutanen suka zauna. Wani bincike da aka buga a 2021 kuma ya gano alamar kakin zuma a jikin katangar tukwanensu, abin da ke nuna ana cin zuma a nan tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Sai ya ce da masu girki kada su sa tumatir, ko barkono, ko masara, ko gyaɗa, ko rogo, ko dankalin Turawan da Filato ke tinƙaho da shi, don duk daga nahiyar Amurka suka zo daga baya.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Malam, miya ba barkono? Mutane za su ce na manta girki." Aka daidaita a kan za a ajiye yaji a gefe a ƙananan kwanoni. Aka yi tuwon gero da miyar kuka, da dafaffen wake da man atili, da kunun gero da zuma. Ngo ce ta kawo man atilin daga ƙauyensu a kwalba biyu.

Na tsaya a bayan fili ina kallo. Mutum 52 na ƙirga. Malamin bai hau mumbari ba, ya tsaya tsakiyar tabarmi riƙe da kwaikwayon kan Nok da wata maginiyar tukwane ta yi mana, don na ainihi dukiyar ƙasa ne, ba a ajiye su a sito irin namu. Ya ba da labarin yadda masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan kawuna a 1928 kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, da yadda a 1943 wani ma'aikacin kuza a yankin Jama'a ya ɗauki wani kai ya kafa a gonar doyarsa ya zama mutum-mutumi, har labari ya kai kunnen Fagg. Ya ambaci Taruga, kusa da Abuja, inda aka tono matoyar narka ƙarfe ta fiye da shekara 2,000. Kan yumɓun ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Wata yarinya ta sa yatsa a hudar idon. Wani tsohon maƙeri ya juya shi ya leƙa ciki, ya ce ai rami ne a ciki kamar tukunya, shi ya sa bai fashe a wuta ba, kuma duk wanda ya gina shi ya san gashin tukwane. Malamin ya ce haka ne, Baba, ka faɗi abin da na shirya faɗa nan gaba.

Tambaya mai nauyi ta fito daga bakin mutum biyu kusan lokaci guda, wani malamin Islamiyya da wani mai wa'azin coci: shin ba gumaka ake ɗaukakawa ba? Malamin ya ce ba wanda aka kira ya yi sujada, an kira mutane ne su san cewa kafin su akwai waɗanda suka yi noma da ƙira da gini a ƙasar nan. Ya ƙara da cewa in mu mun ƙyamace su, akwai masu haƙa a ɓoye da ba sa ƙyama, suna fasa wuraren suna sayarwa ana fita da su Turai, duk da dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba izini. Ban ce sun gamsu ba. Amma dukansu sun ci tuwon, kuma sun dawo wata mai zuwa.

Zama na uku: kuza

Wannan ne ya fi cika, shi ne kuma ya kusa wargaza mu. Ba mu gayyato kowa daga jami'a ba. Ni na yi gabatarwa ta minti goma: cewa tun kafin Turawa ana narka kuza a Ririwai da Liruwen Dalma ana fatauci da ita, cewa kamfanoni sun shigo a farkon shekarun 1900 suka kafa sansani a Naraguta, cewa da farko a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai, kafin ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, wanda aka rufe a 1957. Na ce da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato, aka shiga ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa har zuwa 1944, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. Na rufe da faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985. Daga nan na ajiye kwanon sarki a tsakiya na koma gefe.

Wani tsoho daga Dilimi ya jawo kwanon gabansa. Ya ce mahaifinsa daga ƙasar Katsina aka ɗebo shi, dagaci ne ya nuna shi, ya iso da riga ɗaya. Ya ce har mahaifin ya rasu ba ya kwana ba wuta a ɗaki ko da bazara, yana cewa sanyin barikin ya shiga ƙashinsa bai fita ba. Ya nuna yadda ake naɗa gammo, da yadda helma ke tsayawa bakin rami yana ƙirga kwano. Ya ce da aka sallame su mahaifin bai koma ba, don kunyar komawa hannu rabbana, sai ya zama tiribita yana wanke kuza yana kai wa kamfani a auna.

Ngo ta bar murhu ta zo ta zauna, ba wanda ya kira ta. Ta ce gonar accar kakanta tana nan har yau, amma ƙarƙashin ruwa, don ta zama ɗaya daga kududdufan da kamfani ya bari. Ta ce a ruwan nan ɗan ƙanwarta ya nutse. Ta ce mahaifiyarta ta yi dakon ƙasa a ka a ramin da ya cinye gonar ubanta, don a samu kuɗin haraji. Tsohon ya dube ta ya ce, "Ashe kwano ɗaya iyayenmu suka ɗauka." Ta ce, "Kwano ɗaya ne, Baba, amma ku kun samu gari, mu mun rasa gona." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ma bai musa ba. Filin ya yi tsit. A duk shekarun da na yi ina koyar da tarihi ban taɓa iya sa ɗalibai su ga fuska biyu na abu ɗaya kamar yadda waɗannan biyun suka yi cikin numfashi biyu ba.

Sai wani saurayi ya miƙe ya ce tunda an zo nan, a faɗa mana gaskiya, su wa suka kafa Jos? Wani ya amsa daga baya da ƙarfi, wani ya mayar masa. Aka fara jin sunayen Birom da Anaguta da Afizere da Jasawa, wato Hausawan Jos, suna tashi ta ko'ina, wasu suka miƙe tsaye. Shugaban kwamiti ya ɗaga hannu ya ce ba wannan aka taru a kai ba, ya sa aka rufe tambayoyi. Mutum biyar suka fita ba su ci abinci ba. Biyu daga cikinsu ba su sake dawowa ba, ɗaya daga kowane ɓangare, kowanne yana ganin an toshe masa baki don a kare ɗayan.

Kwamiti ya rabu a kan wannan har yau. Wasu na cewa mun yi ragwanci, gidan tarihin da ke gudun tambayar da ta fi damun garinsa me ya rage masa. Wasu na cewa shugaba ya ceci zaman. Ni ina ganin ya yi daidai a daren, mu ne muka yi kuskure tun kafin daren. Duk wanda ya san Jos ya san ba a taɓa zancen kuza a kauce wa zancen wa ya riga wa, ya kamata mu shirya masa. Abin da kwamitocin bincike na gwamnati suka zauna a kansa wata da watanni, daga na Fiberesima a 1994 zuwa na Niki Tobi da na Ajibola, ba a buɗe shi bagatatan saura minti ashirin a kira salla. Amma ban yarda a binne shi ba. In za a yi, a sanar tun da wuri, a san masu magana, kowa ya zo da takardunsa da tsofaffinsa, a kuma yi shi bayan mutane sun saba cin abinci tare fiye da sau uku.

Zama na huɗu da abin da ya biyo baya

Na huɗu a kan ginin ƙasa ne. Wani magini ya zo da tubali da makuba, ya yi bayanin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da yadda shahararren magini Babban Gwani ya ɗaga rufin Masallacin Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Aka ci gwate da masa. Lafiya aka tashi, mutane sun ɗan ragu, wasu kuma sun yi alkawarin haɗuwa su je su ga kwaikwayon masallacin a babban gidan tarihi.

Ta fuskar kuɗi ba mu fita ba. Abin da ƙwarya ke tarawa bai taɓa kai rabin kuɗin cefane da keke ba. Wani ɗan kasuwar Farin Gada ne ya riƙa ba mu kayan miya, wata mai shago ta ba da gero, sauran giɓin 'yan kwamiti suka cike daga fanshonsu, wanda ba abin da za a ɗore a kai ba ne. Hajiya da Ngo ba su karɓi ko sisi ba, kuma na faɗa wa kwamiti cewa in za a ci gaba dole a sa musu lada a lissafi.

Akwai kuma nauyin da ba mu zata ba. Bayan daren kuza mutane suka fara kawo kaya. Wata mata ta kawo katin aikin mahaifinta a naɗe cikin leda uku, wani ya kawo fitilar rami, wani hoton bariki da sunaye a bayansa da fensir. Ba mu da rajista ta kirki, ba mu da takardar da ke bambanta kyauta da aro, rufin ɗaki na biyu kuma yana yoyo, ga damina tana zuwa a Afrilu. Maganar tsohon Dilimi da ta Ngo a wayar wani ɗalibina kawai take, ban kuma nemi izininsu kafin a ɗauka ba, sai daga baya na je na roƙa. Tsohon ya yarda. Ngo ta ce a cire zancen yaron da ya nutse, don uwarsa tana da rai, kuma an cire.

Mun dakatar da zaman har kaka. Na sayi babban littafi mai layi na fara rubuta kayan da aka kawo, kowanne da sunan mai shi da abin da ya faɗa a kansa, na kai na 23. Kwamiti ya amince zama na gaba ya kasance a kan kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002, don ba gidan da bai yi asara a cikinta ba. An ɗora mini in je in ga mutum biyun nan da suka yi fushi kafin lokacin. Na je wurin na farko ranar Talata, ya karɓe ni, ya ce zai yi shawara. Na biyun yana Bukuru, sai mako mai zuwa.